Gyaɗa a Kwalaben Eleni

Longsight, Manchester

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Birmingham lafiya, ke da akwatunanki da tukunyar shinkafar da kika nace sai kin tafi da ita. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da maƙwabta na gari, ya kare ki daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani.

Na san sai kin yi dariya. Uwa da 'ya a gida ɗaya, har sai an kai ga rubutu? To, in na buɗe baki sai ki ce min "Mum, I know", ni kuma nan take maganar ta tsere min. Yanzu ba ni da ƙarfin bin magana a guje. In na dawo daga aiki gwiwoyina zugi suke yi, kaina ma ba ya ɗaukar musu. Da gangan na rubuta da Hausa, don na san sai kin bi ta a hankali kina haɗa baƙi, ba za ki iya tsallake layi kamar yadda kike yi wa saƙonnina na waya ba.

Ba zan cika ki da zancen ki riƙe salla, ki kulle ƙofa, ki ci abinci ba. Kin san waɗannan. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, shi ne abin da na gani ranar walimar gama jami'arku. Wata malamarku ta miƙo miki kofin giya tana taya ki murna. Kika sa hannu biyu kika karɓa, kika yi mata murmushi har da ɗan rusunawa. Kika yi ta yawo da kofin nan a hannu, kina gaisawa da mutane, sai da kika ga hankalinta ya tafi wani wuri kika matsa bakin taga kika juye shi a tukunyar fulawa. Kin zaci ban gani ba. Na gani sarai. Na san ba ki sha ba, ban taɓa zarginki da wannan ba. Abin da ya kashe min jiki shi ne na gane murmushin nan, domin nawa ne, a wurina kika ɗauka. Shi ya sa zan ba ki labarin Anti Eleni, wanda kika san bakinsa kawai.

Lokacin da Abbanki, Allah ya jiƙansa, ya samu tallafin karatu ya zo garin nan, na biyo shi ina amarya, da ƙaramin cikinki. Turancina na sakandare ne, shi ma in suka yi magana da sauri sai in tsaya ina kallon bakinsu. Abbanki ya fita da safe sai yamma. Ina zaune a gidan nan mai sanyi da danshi, ba wanda zai ce min ina kwana. Bango ɗaya ne ya raba mu da Eleni, wata mata 'yar tsibirin Cyprus, mijinta ya rasu, tana ɗinki a wani kamfanin tufafi a Cheetham Hill. Ita ta fara ƙwanƙwasa min ƙofa. Ita ta koya min hawa bas ɗin Stockport Road, ta kai ni aka yi min rajista da GP, wato likitan unguwa, ta nuna min mahaucin da ke yankan halal tun ban tambaya ba. Kullum da safe sai ta buga bango da sandar tsintsiya, in buga mata, ta san na tashi lafiya.

Kuskurena na farko a kan miyar kuka ne. Na ce bari in kyautata wa matar nan, na zage na tuƙa tuwo, na kaɗa miya da kukar da na taho da ita daga Kano ina ta tattalinta. Na kai mata a kwanon amarcina. Ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki, ta haɗiye da ƙyar, ta ce, "A'a, 'yata, wannan ba zan iya ba. Kada ki sake wahalar da kanki. Amma gyaɗar nan da kike soyawa, wadda ƙamshinta ke ratso min bango, ita kam ina so."

Ke, Ummi! Na dawo gida ina huci. A ce a kai wa mutum abinci ya dube ka ido cikin ido ya ce ba ya so? A garinmu ko guba aka kawo maka, ka karɓa ka sa albarka, abin da za ka yi da ita a bayan ido kai ka sani. Na daina amsa mata bugun bango. Abbanki ya yi ta min dariya, ya ce matar da ta cece miki kukarki a ƙasar da ba a samunta, ita kike fushi da ita? Sai da ta zo da kanta ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, sannan na sauko.

A inda za ki, za ki haɗu da masu faɗin abu yadda yake. Wani zai ce miki aikin nan bai yi ba, wata ta ce ba ta son abin da kika kawo. Kada ki yi saurin cewa ƙiyayya ce. Ki duba ki gani, washegari ta gaishe ki? In ta gaishe ki, to magana ta ƙare tun jiya a wurinta, ke ma ki bar ta. Ni da na fahimci haka tun ranar kukar nan, da sauran abin da zan faɗa miki bai faru ba.

Ranar da naƙudarki ta tashi, da rana tsaka ne, Abbanki yana wani taro a wani gari. Bango na buga da tafin hannu. Eleni ta shigo da zare a wuyanta, ta kira tasi, ta raka ni asibiti, ta riƙe min hannu har kika faɗo. Na yaƙushe ta har sai da na fitar mata da jini, ba ta janye hannun ba. Bayan ma'aikatan asibiti, ita ce ta fara ɗaukar ki, kafin ni, kafin ubanki.

Ranar suna, bayan 'yan mutanen da muka gayyata sun watse, ta shigo da kwalabe biyu a naɗe cikin tawul. Ta zauna a bakin gado ta ba ni labarinsu. Danginta suna da gonar inabi a wani ƙauye kan duwatsu, tun kakan kakanta sana'arsu ke nan. Ba sa tsinke inabin sai ya nuna lugub a jikin itacensa. In sun tsinke, sai su shanya shi a rana kan tabarmi, yara da manya suna bi suna juya shi da hannu, suna tsince wanda ya lalace, har ya yanƙwane ya kusa zama zabibi. Sannan su matse shi. Ta ce ruwan da ke fita kaɗan ne, mai kauri kamar zuma. Shi suke zubawa a manyan randuna ya tsumu ya zama giya, daga nan a juye a ganguna a rufe shi shekaru. Kuma ba sa ƙarar da randa ƙaf, sai sun bar na da a ƙasa su zuba sabo a kai, don haka a kowace kwalba akwai ɗan abin da mahaifinta ya matsa da hannunsa. Yayanta Mihalis ne ke riƙe da gonar. Tana magana idonta yana kawo ruwa, irin yadda nake yi in na tuna rumbun gidanmu.

Ta ce al'adarsu ce in an yi haihuwa a dangi, a ware wa jaririn kwalba, a rubuta sunansa, a toshe bakin da kakin zuma, ba a buɗewa sai ranar aurensa. Ta nuna min ɗaya, ga sunanki na yanka, Zainabu, da irin rubutunsu. Ta ce wannan ita za ta adana a wurinta. Ɗayar kuma tamu ce, ni da Abbanki. Sai ta tsaya ta dube ni ta ce, "Amma kuna sha? A ƙasarmu mun zauna da Musulmi, wasu suna sha, wasu ba sa sha. Ki faɗa min."

Ta tambaye ni, Ummi. Ki riƙe wannan da kyau. Ƙofa ta buɗe min wangale. Ni kuwa na kalli sawun farcena a bayan hannunta, na kalli sunanki a jikin kwalba, sai na ji bakina ba zai iya furta a'a ba. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi mata wannan murmushin, na ce na gode, na gode, Allah ya saka. Ita kuma ta ɗauka amsa ke nan.

Da Abbanki ya gani ya ce, "Binta, abin nan ba zai kwana a gidan nan ba. Kuma gobe ki je ki faɗa mata gaskiya, da daɗin baki." Na ce to. Na buɗe kwalbar na tuttular a sink, wurin wanke-wanken kicin. Baƙi-baƙi ne ja-ja, kamar ruwan tsamiyar da aka dafa da mazarƙwaila, ƙamshinsa ya cika kicin. Na wanke sink ɗin, na wanke kwalbar, na sake wankewa, na yi istigfari. Gobe ta yi na ce sai na yi arba'in. Na yi arba'in na ce ai magana ta wuce, tayar da ita rashin kunya ne.

Ga inda na ƙarasa ɓata lamarin. Kin san mu ba ma mayar da kwano fanko. Ina ganin kwalbar nan a wanke, sai na ce bari in yi abin arziki. Na soya gyaɗa, na murje, na bushe ɓawon, na ɗura a ciki har wuya kamar yadda ake sayarwa a tasha, na kai mata. Ta karɓa ta ɗaga kwalbar tana dubawa, ta ce, "Har kun shanye?" Na yi dariya na sunkuyar da kai. Ta rungume ni. A wurina tukuici na kai. A wurinta shaida na kai mata cewa mun sha, mun ji daɗi, muna neman ƙari.

Tun daga nan, duk shekara in ta je gida lokacin shanya, sai ta dawo min da kwalba. Duk shekara in tuttular, in wanke, in cika da gyaɗa, in mayar. Har ta riƙa jera kwalaben a kan kabad ɗinta tana nuna wa baƙi. Wani lokaci ta tambaye ni na bana ya fi na bara? In ce ai kowanne da daɗinsa. Abbanki ya yi magana har ya gaji, daga baya ya ce tsakaninku ne ku mata. Ni kuma duk kaka ta zagayo sai gabana ya riƙa faɗuwa, ga zunubin karɓa, ga zunubin ƙarya, kuma kullum faɗar gaskiyar sai ƙara nauyi take yi.

Don haka ki faɗi naki tun makon farko. In abokan aikinki a asibiti suka ce a tafi mashaya ranar Juma'a, ko wani ya miƙo miki kofi, ki ce ba na sha, addinina ya hana, na gode da kuka tuna da ni. Ki faɗa da sakin fuska, sau ɗaya, hannunki a jikinki. Za su ce to, su kawo miki lemo, wallahi kafin a tashi sun manta. Nauyin na ɗan lokaci ne. Kuma ki sani ba da baki kaɗai ake ƙarya ba. Ban taɓa ce wa Eleni na sha ba, ko sau ɗaya, amma na yi shekaru ina yi mata ƙarya da gyaɗa.

Kina aji uku a firamare abin ya fashe. Wata Asabar ce gab da Salla, Maman Khalil, wadda a lokacin ita ce uwar ƙungiyarmu ta matan Hausawa, ta zo da wata ƙawarta muna yanka cincin a falo. Aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, sai ga Eleni ta ci ado, da wani tsoho a bayanta, ya rungumo wata ƙatuwar kwalba mai rigar saƙa. Yayanta Mihalis ne, ya zo ganin likitan ido. Ta ce tun daga filin jirgi yake cewa sai an kai shi gidan da aka fi son ruwan inabinsa a duk Ingila.

Ya cire hula ya zauna. Ba ya jin Turanci sosai, Eleni ce ke fassara. Na kalli hannuwansa, duk kanta da faso, sak na Baffana in ya dawo daga gona. Ya ce bara ruwan sama ya yi musu sammako, ya sauko inabi yana shanye, suka fita da gudu har da jikoki suna naɗe tabarmi, duk da haka rabi ya ruɓe. Abin da ya samu bai kai ya sayar wa kowa ba. Amma ya ce ko nawa ne sai ya ware na maƙwabciyar ƙanwarsa, mai aiko masa da gyaɗa. Ashe har can take kai masa. Ya ajiye kwalbar a kan teburina, kusa da farantin cincin, ya tambaye ni cikin duk shekarun nan wanne na fi so.

Sai na ji Maman Khalil ta ce ƙasa-ƙasa, da Hausa, "Tabɗi. Maman Ummi, ashe abin da ake yi a gidan nan ke nan?"

Da Hausa ta yi maganar, da Hausa ya kamata in amsa mata, ko in ce ta bari baƙi su tafi. Amma sai na hango sunana yana yawo daga Longsight har Cheetham Hill, na hango ana nuna Abbanki a masallaci. Sai na ɗaga murya da Turanci, don kowa ya shaida. Na ce ban taɓa ɗanɗanawa ba. Na ce ƙazanta ce a wurinmu. Na ce a sink nake zubarwa duk shekara, in bi da sabulu.

Tsohon nan yana ta murmushi, yana jiran a fassara masa. Wannan murmushin har yau yana zuwar min in ina wanke-wanke. Eleni ta faɗa masa wata gajeriyar magana, bai gamsu ba, ya sake tambaya, sai ta faɗa masa duka. Ya dube ni, ya dubi ƙofar kicin. Ya mayar da hularsa, ya sunkuya ya ɗauki kwalbarsa da hannu biyu ya fita. Eleni ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Na tambaye ki, Binta. Ranar farko na tambaye ki." Ta juya za ta tafi, ta sake waiwayowa ta ce, "Da kin faɗa min, da zabibi zan riƙa kawo miki. Inabin ɗaya ne."

Ki fahimce ni da kyau. Ban yi nadamar ƙin sha ba, kuma ba zan yi ba har in koma ga Allah. Abin da ya haramta ya haramta. Amma kalmar ƙazanta da na jefi tsohon nan da ita, ba don Allah na faɗe ta ba, don Maman Khalil na faɗa. Kuma me ya tsinana min? Kafin Salla labarin ya gama gari, har da ƙarin gishiri. Za ki samu 'yan'uwanmu a unguwar Sparkhill ta Birmingham, ki neme su, ki je sunansu da ta'aziyyarsu, kada ki ware kanki. Amma duk ranar da kika ji kina shirin wulaƙanta wanda ya kyautata miki don kawai wata tana kallo, ki yi shiru tukuna, ki shiga kicin ki sha ruwa. A faɗi gaskiya daban, a ci mutuncin mutum daban, ni a ranar na haɗa su.

Daga ranar bango ya yi shiru. In mun haɗu a bakin bola mu gaisa sama-sama. Ke dai ba ta fasa ba ki alewa ba in kin dawo daga makaranta.

Da kaka ta zagayo, na buɗe ƙofa wata safiya na tarar da ƙullin farin ƙyalle a dokin ƙofa. Zabibi ne baƙi, manya, har da 'yan sandunansa, ba takarda ba komai. Kin tuna ruwan zabibin da nake jiƙa miki, wanda kike kira baƙin ruwa, kina lashe kofi? Na ce miki a kasuwar Longsight na saya. Na gonarsu ne. Nakan jiƙa da yamma ki sha da safe, abin da ya rage in zubar kafin ya fara tsami. Ban taɓa cin zabibi mai daɗinsa ba, kuma kowane ɗaya sai ya tsaya min a wuya.

Matar da na tozarta ita ta fara miƙo hannu, abin da ya rage min taku kaɗan ne zuwa ƙofarta. Na soya gyaɗa, na sa mayafi, na tsaya a bayan ƙofarmu har gyaɗar ta huce. Na ce sai na shirya abin da zan faɗa. A ƙarshe ku kuka cinye ta ke da ƙawayenki. Na sake soya wata, haka. Da Abbanki ya rasu ta shigo da baƙin ɗankwali, ta ratsa cikin mata ta zo ta damƙe hannuna. Ina so in faɗa jikinta in yi kuka, amma ga idanu a kaina, sai na ce mata na gode da zuwa, kamar wata ma'aikaciyar hukuma. Bayan 'yan shekaru ta faɗi a matakala ta karye a ƙugu, ɗanta Stavros ya zo ya tafi da ita Birmingham. Ina bayan labule ina kallon ana loda kayanta. Na ga an fito da kwali cike da kwalabena, ban fita ba.

Wannan ne ya fi ci min rai, ya fi na ranar Mihalis. Waccan firgita ce ta lokaci guda. Wannan kuwa kullum da safe nake sake zaɓar sa. Muna kiran abin kunya, muna ganin ado ne, amma wata kunyar girman kai ce kawai. In kin ɓata wa mutum, ki je tun abin yana da zafi, ko ba ki shirya magana ba. Ki ce na yi kuskure, ki yi shiru, ki bar shi ya faɗi abin da ke ransa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na zauna rubutun nan da gwiwoyina masu zugi. A watan jiya Stavros ya kira wayar gida. Ya ce mahaifiyarsa tana gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Mihalis ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa ne ke shanya yanzu. Ita kuma hankalinta yana zuwa yana tafiya, wata rana garau, wata rana ba ta gane shi, kuma ta rage cin abinci sosai. Ya ce cikin duk kayanta abu ɗaya ta hana a taɓa, wata kwalba mai kakin zuma a kan kantar ɗakinta. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ta Zainabu ce, 'yar maƙwabta, ana jiran aurenta. Ya ce ba wani abu yake nema ba, ya dai ga ya kamata mu sani. Na ce masa na gode. Na ajiye wayar na zauna a kan matakala, na kasa tashi har lokacin la'asar ya yi.

Sai ga shi aikinki ya faɗo a Birmingham ɗin. Ban ce komai ba da kika zaɓa, amma na san ba banza ba.

A cikin shuɗin akwatinki, ƙarƙashin sallaya, akwai gyaɗa a kwalbar zuma. Jiya na soya. Na sa miki lambar Stavros a wayarki. Don Allah, Ummi, kada ki ce sai kin gama shirya flat, kada ki ce sai kin saba da aiki. Irin wannan sai-sai ɗin ne ya cinye ni. Ki je a hutunki na farko. Ƙila ba ta da haƙoran gyaɗa yanzu, in ba ta so za ta faɗa miki, ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

In ta gane ki, za ta nuna miki kwalbar, ƙila ta ce ki ɗauka. A nan nake so ki yi abin da uwarki ta kasa. Kada ki sa hannu. Kada ki yi mata murmushin nan namu. Ki zauna kusa da ita, ki riƙe hannunta, ki ce, Anti, ba na sha, addinina ya hana ni, ba zan iya ɗauka ba, amma na ga sunana, na gode da kika riƙe ni a ranki duk shekarun nan. Ki tambaye ta yadda ake shanya inabin, ki bar ta ta ba ki labarin tabarmi da randuna ko sau nawa ta maimaita. Ki faɗa mata zabibin da ta ajiye a ƙofa ke kika sha shi, kuma har yau kina tuna daɗinsa.

Sannan, in kin ga ranar tana cikin hankalinta, ki ce mata Binta ta ce ta yi kuskure. Ki ce Binta tana tambaya ko za ta iya zuwa. Na so in hau jirgin ƙasa in je kai tsaye, amma matar da na kunyata a gaban yayanta tana da haƙƙin ta ce ba ta son ganina, ba zan faɗo mata a gadon ciwo ba tare da izininta ba.

Duk abin da ta ce, ki kawo min shi yadda ta faɗe shi. Na san halinki, za ki ji tausayina, ki ce ai barci take yi, ko ki ce ba ta gane ki ba. Kada ki yi min haka. In a'a ta ce, ki ce min, Mama, ta ce a'a. Zan iya ɗauka. Kada ki wanke min maganar ki cika ta da gyaɗa.

Na gaji, bari in tsaya nan. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi ni ƙarfin zuciya. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki abokan aiki masu sauƙin kai, ya sa albarka a abin da za ki samu. Ya jiƙan Abbanki, ya sa ya huta. Ya ba Eleni sauƙi, ya ara mata kwana har ki isa gare ta. Na bar ki a hannun Allah, shi ne ba ya barci.

Wayata tana kusa da ni ko ina wurin aiki. In kin fito daga wurinta, ki kira ni tun kina bakin ƙofa.

Mahaifiyarki,
Binta